Tambayoyi da Amsoshi kan Saita Gefen Takarda da Shigar Layi a Wasiƙa Mai Letahed

Da wuya mako ya wuce wani bai shigo shagona da filash a hannu ko fayil a waya ba, yana cewa wasiƙarsa ta watse. A kwamfutarsa lafiya lau take. Da an buɗe ta a wata kwamfutar sai kwanan wata ya gangaro layi na biyu, wurin sa hannu ya tsallaka shafi na gaba, rubutu kuma ya hau kan tambarin kamfani. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda sakatarori, 'yan kasuwa da yaran da ke koyon aiki suka fi yi mini. Na yi bayanin a kan Microsoft Word domin shi aka fi amfani da shi a ofisoshi da bisnes senta, kuma na bar sunayen madannai yadda suke a rubuce a kan allo, don mutum ya gane su da ido.

Mene ne bambancin majin da shigar layi? Ba duk abu ɗaya ba ne?

A'a. Majin shi ne farin filin da ake bari a kewayen takarda, sama da ƙasa, hagu da dama. Shi dokarsa a kan shafi gaba ɗaya take. Shigar layi kuwa ta sakin layi ɗaya ce: ka ce wannan sakin layin ya ɗan matsa ciki daga inda majin ya tsaya, sauran su zauna inda suke. Ka ɗauki majin a matsayin katangar gida, shigar layi kuma jera kaya ne a cikin ɗaki. Mai son matsar da gado ba ya rushe katanga. Yawancin wasiƙun da ake kawo mini gyara, a nan matsalarsu ta faro: mutum yana son adireshi kaɗai ya matsa, sai ya ja majin ɗin shafin duka.

Majin ana saita shi a Layout, sannan Margins. A tsofaffin Word kamar na 2007 da 2010 sunan wurin Page Layout ne. Shigar layi kuma tana cikin akwatin Paragraph.

Da me zan fara kafin in taɓa majin?

Da girman takarda. Wannan shi ne abin da aka fi mantawa da shi, kuma shi ya fi ɓata aiki. Takardar da muke saya a rim a Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru ita ce A4, faɗinta santimita 21, tsawonta 29.7. Amma kwamfutoci da yawa da ke shigowa ƙasashenmu an saita su ne a kan tsarin Amurka, inda ake amfani da takardar da ake kira Letter, mai faɗin santimita 21.59 da tsawon 27.94. Ka ga ta fi A4 faɗi da kusan milimita 6, ta kuma gaza ta tsawo da kusan milimita 18. Idan ka tsara wasiƙa a kan Letter ka buga a A4, ko dai firinta ta ɗan ƙanƙance rubutun, ko ƙasan shafin ya fito da fili fiye da yadda ka auna, adireshin da ka sa a ƙasa ya tashi sama yana lilo.

Shiga Layout, danna Size, zaɓi A4. Idan kana so kada ka riƙa maimaitawa, buɗe More Paper Sizes a ƙasan jerin, zaɓi A4, ka danna Set As Default. Daga nan duk sabon fayil a A4 zai buɗe.

Fili nawa ya kamata in bari a gefe?

Word yana zuwa da inci ɗaya a kowane gefe, wato santimita 2.54, kuma ga yawancin wasiƙu wannan ya wadatar. Ni dai a hagu nakan ƙara zuwa santimita 3 idan na san wasiƙar ofis za ta. Dalili kuwa, a ofisoshinmu takarda ba ta zama ita kaɗai: za a huda ta a zura mata igiya a cikin fayil, ko a danna mata sitefila, wasu takardun su hau kanta. Na sha ganin wasiƙar da hujin fayil ya cinye farkon lambar wasiƙa saboda mai bugawa ya zaɓi Narrow, mai barin santimita 1.27 kacal, don rubutu ya shiga shafi ɗaya. Narrow ba na wasiƙar kamfani ba ne. Takardar takan fito a cunkushe, babu wurin da shugaba zai yi ɗan rubutunsa na umarni a gefe, babu wurin hatimin karɓa.

Idan wasiƙar gajera ce, layi biyar ko shida, ƙara majin hagu da dama zuwa santimita 3 ko 3.5 ya fi kyau a kan barin rubutu ya taru a sama kamar an rataye shi.

Tawa kwamfutar inci take nunawa, ni kuma rula ta santimita gare ni.

File, Options, Advanced, gangara zuwa Display, a canza Show measurements in units of zuwa Centimeters. Sannan a View a kunna Ruler don awon ya bayyana a saman shafi.

Kamfaninmu ya riga ya bugo letahed, wato takarda mai tambari da adireshin kamfani a sama, a madaba'a. Yaya zan yi rubutu ya fara a ƙarƙashin tambari?

A nan zan ɗan daɗe, domin wannan takardar kuɗi ce, ba a wasa da ita.

Ɗauki takarda ɗaya da rula ta hannu. Auna daga bakin takarda na sama zuwa inda tambari da adireshi suka ƙare. A ce ka samu santimita 4.5. Ƙara wajen santimita ɗaya na numfashi, ya zama 5.5: a nan rubutu zai fara. Haka za ka auna ƙasa idan akwai sunayen daraktoci ko adireshin reshe a can.

Abin da mutane suka saba yi shi ne su mayar da majin sama 5.5. Idan wasiƙar shafi ɗaya ce, ba laifi, ya yi. Amma da ta kai shafi biyu sai ka ga na biyun shi ma ya bar wannan ƙaton filin a sama, alhali farar takarda ce ba tambari. Wasu kuma su bar majin yadda yake su danna Enter sau takwas ko goma, wanda ya fi muni, don da an canza girman haruffa awon ya tafi.

Hanyar da na fi yarda da ita ita ce wannan. Bar majin sama a 2.54. Danna sau biyu a can saman shafi don heda, wato filin da ke saman rubutun wasiƙa, ta buɗe. Sa alama a akwatin Different First Page. Yanzu shafin farko yana da hedarsa dabam. A cikin wannan hedar kada ka rubuta komai. Buɗe akwatin Paragraph, a wurin Spacing After rubuta 3.7 cm, Word zai mayar da shi nasa awon da kansa. Heda tana farawa ne kimanin santimita 1.27 daga bakin takarda, layin da babu komai ya ci kusan rabin santimita, ga 3.7 a kai, ka kai wajen 5.5 ke nan. Hedar za ta kumbura ta tura rubutun wasiƙa ƙasa a shafin farko kaɗai, shafi na biyu ya fara a inda ya saba. Futa ta shafin farko, wato filin da ke ƙasan shafi, ita ma haka ake mata idan ƙasan letahed ɗin yana da rubutu, sai dai a can Spacing Before za ka ƙara.

Kafin ka sa takardar kamfani a firinta, buga a farar takarda tukuna. Ɗora ta a kan letahed, ɗaga su biyun wajen hasken taga. Za ka ga daidai inda layin farko zai sauka. Sannan ka san yadda firintarka take jan takarda: yi alamar fensir a saman wata farar takarda, sa ta a tire, buga, ka duba ta wace fuska rubutu ya fito. Wata firintar fuskar takarda ƙasa take so, wata sama.

Wata rana wani ɗan kasuwa ya kawo mini takardunsa masu tambari guda talatin, wasiƙun gayyata ne za a raba wa abokan hulɗa washegari. Ina sauri don ana sa ran ɗauke wuta, ban yi gwajin fensir ba, na tura duka. Talatin ɗin nan kaf a kife suka fito, gaisuwa tana ƙasa wajen sunayen daraktoci. Mutumin bai ɗaga murya ba, ya dai tsaya yana juya takarda ɗaya a hannunsa, ya ce, "Malam, su ke nan suka rage mini." Na biya kuɗin sake bugawa, amma gayyatar ta makara da kwana biyu. Har yau idan na tuna fuskarsa sai in ji ba daɗi, kuma tun daga ranar ba na sa takardar mutum a tire sai na gwada da farar takarda.

Mu ba mu da bugaggen letahed, a kwamfuta nake so in haɗa. A ina zan sa tambarin?

A cikin heda, ba a jikin wasiƙa ba. Abin da ke cikin heda ba ya motsi in kana rubutu, kuma wanda zai yi amfani da fayil ɗin bayanka ba zai goge shi bisa kuskure ba. Nan ma sa alama a Different First Page, don shafi na biyu bai kamata ya sake ɗaukar cikakken tambari ba. Sunan kamfani a ƙananan haruffa da lambar shafi sun ishe shi.

Don jera tambari a hagu da adireshi a dama, sa tebur mai layi ɗaya da gida biyu a cikin hedar, sannan ka cire masa layukan gefe ta Borders, No Border. Makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin addini sukan so suna da Larabci a dama, Turanci ko Hausa a hagu, tambari a tsakiya. Tebur mai gida uku shi ne maganin wannan. Kowane harshe yana cikin gidansa, Larabcin yana tafiya daga dama zuwa hagu ba tare da ya hargitsa na bokon ba. Wanda ya taɓa gwada haɗa su a layi ɗaya da sifes, wato dogon madannin tazara, ya san wahalar da nake nufi.

Me ya sa kullum kake hana tura rubutu da sifes? Ai a ido daidai yake fitowa.

A idonka, a kwamfutarka, a yau. Wannan ɗabi'a gadon tafireta ce. A tafireta kowane harafi faɗinsa ɗaya, sifes goma a layin sama daidai suke da sifes goma a layin ƙasa. A kwamfuta ba haka ba ne. Harafin m ya fi i faɗi nesa ba kusa ba, faɗin sifes kuma ya danganta da samfurin haruffa da girmansu. Ka jera adireshi mai layi huɗu da sifes a Calibri, ka kai wata kwamfuta da ba ta da shi ko wadda ta musanya shi da wani, kowane layi zai kama gabansa. Yanzu ma sababbin Word da Aptos suke buɗewa a maimakon Calibri, tsofaffin kwamfutocin bisnes senta kuwa da yawa ba su da shi, don haka irin wannan watsewar ta ƙaru.

In kana son ganin gaskiyar wasiƙarka, danna Ctrl da Shift da 8 tare. Duk sifes zai bayyana a matsayin ɗigo, duk Enter a matsayin alamar ¶. Idan ka ga jerin ɗigo kamar tururuwa kafin kwanan wata, to wannan wasiƙar jiran ranar watsewa take. Goge su. In kana son adireshi ya koma can dama amma layukansa su fara a wuri ɗaya, zaɓe su duka, a akwatin Paragraph ka sa Left ya zama santimita 10. Awo ne, ba ya canzawa ko an kai fayil ɗin ina.

Ina nanata wannan ne saboda wasiƙar neman kwangila ko ta neman aiki ita ke shiga ofis kafin mai ita. Wanda zai karanta bai san wahalar da ka sha ba, abin da ke gabansa kawai yake gani.

Yaya zan sa lambar wasiƙa a hagu, kwanan wata a dama, a layi ɗaya?

Da tab na dama. A4 mai majin 2.54 hagu da dama tana barin faɗin rubutu santimita 15.92. Buɗe Paragraph, danna Tabs, rubuta 15.9, zaɓi Right, danna Set. Rubuta lambar wasiƙa, danna madannin Tab sau ɗaya, rubuta kwanan wata. Zai manne da gefen dama komai tsawonsa. Idan ka mayar da majin hagu 3, sai ka rage awon zuwa 15.4.

Dole ne farkon kowane sakin layi ya shiga ciki kamar yadda aka koya mana a makaranta?

Ba dole ba ne. Wancan tsarin na rubutun hannu ne, inda shigar layi ita ke nuna an fara sabuwar magana. Yawancin kamfanoni yanzu komai daga gefen hagu suke farawa, kwanan wata, adireshin wanda aka rubuta wa, gaisuwa, har sa hannu, sai a bar tazara tsakanin sakin layi da sakin layi. Ni ma shi na fi so don ba shi da wurin kuskure. Amma akwai ofisoshi da manya da har yanzu suke son tsohon salo, kuma ba laifi ba ne. In haka ne, a akwatin Paragraph, ƙarƙashin Special, zaɓi First line ka bar shi a 1.27.

Abin da ba na so shi ne a haɗa biyun, ga shigar layi ga kuma ƙaton fili a tsakani. Zaɓi ɗaya. Tazarar ma kada a yi ta da Enter biyu. Sa Spacing After ya zama 8 ko 10 pt. Kuma tunda letahed ya riga ya ɗauki adireshinku, ba sai an sake rubuta shi a saman dama ba.

Ina jera kaya da lamba, amma layi na biyu yana komowa ƙarƙashin lambar.

Abin da kake nema shi ne Hanging, yana nan a ƙarƙashin Special, ko ka danna Ctrl da T. Lambar za ta tsaya a waje, sauran layukan su jeru a ƙarƙashin rubutu. Idan kuma akwai farashi da adadi, bar jeri ka yi tebur.

Akwai abin da doka ta ce lallai ya fito a letahed?

Akwai, kuma yana shafar awon da za ka bari. A Najeriya dokar kamfanoni ta CAMA ta 2020 ta wajabta wa kamfani mai rajista ya nuna sunansa da lambar rajistarsa a wasiƙun kasuwancinsa, lambar nan da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC ke bayarwa mai farawa da RC. Dokar ta kuma nemi a nuna sunayen daraktoci, tare da ƙasar duk wanda ba ɗan Najeriya ba. Shi ya sa kake ganin jerin sunaye da ƙananan haruffa a ƙasan takardun kamfanoni. A Nijar da Kamaru da Chadi, inda dokokin kasuwanci na bai-ɗaya na OHADA ke aiki, kamfani kan nuna irinsa, jarinsa, adireshin hedikwatarsa da lambar rajistar kasuwanci ta RCCM. Duk waɗannan futar shafin farko ce wurinsu. Masu Word na Faransanci za su sami majin a Mise en page, sannan Marges, akwatin shafin farko kuma sunansa Première page différente.

In na rubuta da Hausa, ƙ da ɗ da ɓ suna fitowa dabam da sauran haruffa, har layin ya ɗan buɗe.

Samfurin haruffan da ka zaɓa ne ba shi da su, sai Word ya aro daga wani, aron kuma ba ya zama daidai. Times New Roman da Arial na Windows na yanzu suna da su, yi amfani da ɗayansu tun daga tambari har sa hannu. In babu kibod na Hausa, rubuta 0199 ka danna Alt da X, zai zama ƙ. 0257 zai ba ka ɗ, 0253 kuma ɓ. Sunan kamfani irin "Ƙaura" ko "Ɗanbatta" ya cancanci a rubuta shi daidai a takardarsa.

Sa hannu kaɗai ya faɗa shafi na biyu. In rage majin?

Kada ka fara da majin. Duba ko akwai Enter na banza da za a goge, sannan ka rage tazarar layi zuwa Single, ko girman haruffa daga 12 zuwa 11. In duk da haka bai shiga ba, ƙyale wasiƙar ta zama shafi biyu, amma kada sa hannu ya tafi shi kaɗai. Shafin da babu komai a kansa sai sa hannu da hatimi abin tsoro ne, ana iya haɗa shi da wata takardar da ba kai ka rubuta ba. Zaɓi sakin layi na ƙarshe da layukan rufewa, a Paragraph ka shiga Line and Page Breaks, ka sa alama a Keep with next. Za su ƙaura tare.

Na ja launin tambari har bakin takarda, amma firinta ta bar farin layi a kewaye.

Firintocin ofis ba sa bugawa har baki, sukan bar kusan rabin santimita. Masu madaba'a a babbar takarda suke bugawa sannan su yanke. In a ofis za ka riƙa bugawa, tsara tambarin ya tsaya aƙalla santimita ɗaya daga baki.

A waya nake rubutu da WPS ko Google Docs. Haka abin yake?

Ma'anar ɗaya ce, wuraren dannawa ne suka bambanta. A Google Docs na kwamfuta girman takarda da majin suna File, Page setup, kuma hedarsa ma tana da zaɓin shafin farko dabam. Sai dai allon waya yakan nuna rubutu a tsarin karatu, ba yadda zai fito a takarda ba, don haka a koma kallon shafi kafin a yanke hukunci. Shawarata ita ce a tsara letahed sau ɗaya a kwamfuta, a riƙa cike shi a waya. In an gama kuma a mayar da shi PDF kafin a tura ta WhatsApp ko a kai wurin bugawa, domin PDF yana riƙe awo da haruffa yadda aka bar su. A gaya wa mai bugawa ya zaɓi Actual size, kada ya bar shi a Fit, musamman in a kan bugaggen letahed za a buga.

Duk wannan aikin zan riƙa yi a kowace wasiƙa?

Sau ɗaya ne. In ka gama saita A4, majin, hedar shafin farko, tab na kwanan wata da tazarar sakin layi, danna Ctrl da Enter don shafi na biyu ya buɗe, rubuta abin da kake so a hedarsa, sannan ka goge shafin. Word zai riƙe hedar a ɓoye, ta fito da kanta duk ranar da wasiƙa ta yi tsawo. Sai ka je File, Save As, a wurin irin fayil ka zaɓi Word Template, mai ƙarewa da .dotx. Duk lokacin da ka danna shi sau biyu sabuwar wasiƙa ce za ta buɗe, asalin yana nan ba a taɓa shi ba. Wannan ya fi buɗe tsohuwar wasiƙa a goge a rubuta sabuwa a kai, inda ake mantawa da tsohon kwanan wata ko sunan wani abokin ciniki a ciki. Ajiye kwafi ɗaya a filash, ɗaya a imel ɗinka, ka kuma ba duk wanda ke buga wasiƙa a ofishin irin wannan fayil ɗin.